Masara mai zaƙi: sulalawa ko turarawa, wanne ya fi tsare ɗanɗano da jari?

Ɗanyar masara ba ta jiran ciniki. Duk wadda ta taɓa sayar da dafaffiya ko gasasshiya a tasha ko bakin kasuwa ta san wadda aka karyo da safe daban take da wadda ta kwana biyu a buhu: ta farkon ruwa-ruwa da zaƙi, ta biyun tauri da gari-gari a baki. Masara mai zaƙi, irin wadda muke gani cikin gwangwani a kantunan Yamai ana zubawa a haɗin salati ranar biki, ta fi kowace saurin lalacewa. Bincike ya nuna a zafin digiri 30 tsofaffin irinta na iya rasa kusan rabin sukarinsu cikin kwana ɗaya tak bayan karya. Ku tuna kuma a watan Afrilu da Mayu zafinmu yakan wuce digiri 40.

Saboda haka duk ƙungiyar da ke tunanin sa kuɗin asusu a wannan sana'a, ko ta shanya masarar ko ta daskarar da ita a firiza, tilas ta fara sanin wani ɗan aiki na mintoci kaɗan wanda shi ke raba kaya mai kyau da asara. Aikin shi ne sulalawa: a tsoma masarar cikin tafasasshen ruwa, ko a turara ta, na ɗan lokaci ƙayyadadde, sannan a sanyaya ta nan take. Yadda aka yi shi, da tsawon mintocin, su ke yanke hukunci a kan zaƙi, da launi, da taushi, da kuma watannin da kayan za su yi ba su canza ba.

Wace ce masara mai zaƙi?

Asalin masara duka ƙasar Meziko ne, inda aka fara nomanta shekaru wajen 9,000 da suka wuce. Mai zaƙin kuwa wani canji ne da ya auku a halittar iri, wanda ya sa ƙwayar ba ta saurin mayar da sukarinta ya zama sitaci, wato garin nan da muke tuƙa tuwo da shi. Ƴan asalin nahiyar Amurka sun daɗe suna nomanta. A shekarar 1902 kamfanin iri na Burpee ya fito da wata rawaya mai suna Golden Bantam, ita ce ta sa mutanen Amurka suka karɓi rawayar masara a matsayin abin marmari. A shekarun 1950 kuma wani masani a Jami'ar Ilinoi, John Laughnan, ya yi aiki a kan wani iri da zaƙinsa ya zarce na da, ya kuma fi jimirin ajiya. Jikokin wannan iri su ne akasarin abin da ake sa wa a gwangwani yau.

Ana karya ta tun tana da nono, kamar kwana 18 zuwa 23 bayan fitar gemu. Alamar ita ce gemun ya bushe ya yi duhu, in kuma kika danna ƙwaya da farce sai farin ruwa kamar madara ya fito. In ruwan garai-garai ne, ba ta kai ba. In ya yi kauri kamar ƙullu, ta wuce. A wannan mataki kashi 70 zuwa 75 cikin ɗari na nauyin ƙwayar ruwa ne.

Masarar da aka fi nomawa a fadamun gulbin Maraɗi, da Ƙonni, da Gaya, da bakin kogin Kwara ta tuwo ce, ana dai karya wani sashe ɗanye don gashi da dahuwa. Sukarinta bai kai na mai zaƙi ba, fatarta kuma ta fi kauri. Duk da haka abin da za mu faɗa a nan ya shafe ta, muddin an karyo ta tana da nono. Mai son shuka mai zaƙin ta lura da abu guda: in ƙurar furen masarar tuwo ta sauka a gemunta, ƙwayar za ta fito da gari-gari tun a wannan shekarar. Ana raba gonakin da tazarar mita 75 ko fiye, ko a bambanta lokacin shuka yadda fitar furensu zai rabu da mako biyu.

Me ke cin zaƙin?

Zangarniyar da aka karya ba ta mutu ba. Tana numfashi, tana ƙona sukarinta, tana mayar da wani ya zama sitaci. Masu wannan aiki wasu sinadarai ne da ke cikin kowane ɗanyen abu, masana na ce musu anzim. Su ne ke sa yankakken dankali ya yi baƙi, su ne ke nunar da mangwaro har ya wuce misali. A masara akwai guda biyu da masu sarrafa abinci suka fi sa wa ido. Na farko lifoksijenaz, wanda ke taɓa ɗan man da ke cikin idon ƙwaya, ya sa ta yi wari irin na tsohuwar ciyawa. Na biyu feroksidaz, wanda ya fi saura jure zafi. Shi ya sa a masana'anta shi ake aunawa, in ya mutu an san sauran ma sun mutu.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, sanyin firiza ba ya kashe anzim. Rage musu sauri kawai yake yi. Masarar da aka sa a firiza ɗanya za ta yi kyau a ido makonnin farko, amma bayan wata biyu zuwa uku sai ɗanɗanon ya fara juyawa, launin ya koɗe, fatar ta yi tauri. Shanya ma haka take: rana tana janye ruwa sannu a hankali, kafin ƙwayar ta bushe anzim sun riga sun cinye zaƙin. Zafi mai ƙarfi na ɗan lokaci shi ke tsayar da su.

Wannan ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu. Matan da ke tafasa zogale kafin su shanya, da masu turara shinkafa kafin a kai inji, duk hikimar ɗaya ce. A ƙasar Feru ana dafa masara a shanya a rana, ana kiranta cocoka. A jihar Niyu Meziko ta Amurka ana rufe ɗanyar masara da ɓawonta cikin tandun ƙasa mai zafi ta kwana tana turaruwa, da safe a fito da ita a rataye ta bushe, suna ce mata cikos, suna dafa ta da wake lokacin sanyi.

Hanya ta farko: tafasasshen ruwa

Ita ce mafi sauƙi, kowace mace tana da kayanta. Ana buƙatar babbar tukunya mai murfi, da wuta mai ƙarfi, da ruwa mai yawa: lita 4 ga kowane rabin kilo na masara. Kada ku ga kamar ɓarnar ruwa ce. In ruwan ya yi kaɗan, masarar za ta kashe tafasar, ta zauna cikin ruwan ɗumi tana jiƙa. Ƙa'idar ita ce bayan an zuba masara ruwan ya sake tafasa cikin minti ɗaya. In ya wuce haka, kayan sun yi wa tukunyar yawa, a rage. Ana fara ƙirgen lokaci daga sa'ar da ruwan ya sake tafasa, ba daga sa'ar zubawa ba. Agogon salula ya wadatar.

Cibiyar koyar da adana abinci a gida da ke Jami'ar Jojiya a Amurka ta ba da waɗannan lokuta ga masarar da za a daskarar. Wadda za a ajiye da totuwarta: ƙarama mai kaurin santimita 3 minti 7, matsakaiciya minti 9, babba mai kaurin kusan santimita 4 ko fiye minti 11. Wadda za a yanke ƙwayar a yar da totuwa kuwa, minti 4 ya isa. Dalilin bambancin shi ne totuwa ma tana da nata anzim, zafi kuma yana daɗewa kafin ya kai tsakiyarta. In bai kai ba, a kwana a tashi warin totuwa zai shige cikin ƙwayar.

Amfanin ruwa shi ne zafinsa yana ratsa ko'ina daidai, yana kuma wanke ƙura da sauran gemu. Illarsa ita ce ruwa ɓarawo ne. Sukari, da bitamin C, da wasu bitamin na rukunin B duk suna narkewa cikin ruwa. In kika ɗanɗana ruwan da aka sulala masara sau uku a ciki za ki ji zaƙi-zaƙi; wannan zaƙin daga kayan sayarwarki ya fita. Shi ya sa ake so a sulala masara tana kan totuwa, a yanke daga baya. In aka fara yankewa, kowace ƙwaya ta sami rauni a gindinta, nonon sai ya tsiyaye cikin tukunya. Wuƙa ta bi kamar kashi biyu cikin uku na zurfin ƙwayar, kada ta kankaro totuwa.

Kada a sa kanwa. Mun saba jefa ta a wake da ganye don su yi saurin laushi, amma tana lalata bitamin B1 da bitamin C, ga shi a nan ba laushi ake nema ba. Gishiri ma ba a buƙatarsa a wannan mataki.

Hanya ta biyu: turarawa

Duk gidan da ake yin dambu akwai madambaci, to kayan aiki sun samu. Ana zuba ruwa kamar tsawon yatsa a tukunyar ƙasa, a bari ya tafasa sosai, a jera masara a sama layi ɗaya, a rufe ruf, a toshe mahaɗar da tsumma kamar yadda ake yi wa dambu. Ruwan kada ya taɓa masarar. Ƙirge yana farawa da zarar an rufe murfi tururi na tashi da ƙarfi.

Turarawa ta fi ɗaukar lokaci, kamar ninki ɗaya da rabi na tafasawa. Wadda za a yanke ƙwayarta minti 6. Mai totuwa kuwa minti 10, ko 13, ko 16, gwargwadon kaurinta. Abin da ake samu a madadin wannan jira shi ne sukari da bitamin sun fi zama cikin ƙwayar, tunda ba ta nutse a ruwa ba. Ƙwayar kuma ba ta shan ruwa, don haka in shanyawa za a yi ta fi saurin bushewa. Ga unguwar da ake sayen ruwa a wurin ƴan garuwa, lita kaɗan sun isa aikin yini, itacen da za a ƙona wajen tafasa lita 20 ma an rage shi.

Inda turarawa ke ba mutane kunya shi ne wajen cika madambaci. In aka tula masara hawa uku don a gama da wuri, ta ƙasa za ta dahu, ta tsakiya tururi bai ratsa ta ba. A ido duk ɗaya suke, sai bayan wata biyu a buɗe leda a tarar rabi lafiya, rabi ya juya. Layi ɗaya, da ɗan fili tsakanin zangarniya da zangarniya, ko da zai sa a yi sahu goma.

Akwai hanya ta uku da wasu ƴan birni ke tambaya a kai, wato na'urar ɗumama abinci ta lantarki da ake kira mikro'ond. Ba ta wanke sukari, gaskiya ne, amma zafinta ba ya bazuwa daidai: wani gefe ya ƙone, wani gefe anzim na nan da ransu. Cibiyar da muka ambata ba ta ba da shawarar amfani da ita don wannan aiki ba. Ga ƙungiya mai sarrafa buhu guda ma ba ta da wani amfani, don zangarniya biyu ko uku take ɗauka.

Rabin aiki ya fi rashin yi muni

Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, kuma a nan maganar ta zauna daram. In aka tsoma masara minti ɗaya ko biyu aka tsame, ɗumin da ya shige ta bai kashe anzim ba, zuga su ya yi. Irin wannan takan riga wadda ba a taɓa ba lalacewa. In kuma aka zarce, a ce an bar ta minti 20 don a tabbatar, to an dafa ta: zaƙin ya tafi cikin ruwa, ƙwayar ta yi lugub, in aka daskarar aka sake dafawa sai ta koma kamar fate, fatar tana saɓulewa.

Ga alamun wadda aka yi daidai. Launin rawaya ya ƙara fitowa, don sinadaran da ke ba ta wannan launi ba sa narkewa a ruwa, zafin kuma ya kori iskar da ke dushe shi. In an danna ƙwaya nonon ba ya tsartuwa, ya kama jikinsa. In an tauna akwai ɗan ƙarfi, ba ta dahu sarai ba.

Sanyayawa: rabin aikin ke nan

Masarar da aka tsame daga wuta tana ci gaba da dahuwa da zafin da ke cikinta, musamman mai totuwa. Dole a jefa ta cikin ruwan sanyi nan da nan, ta yi mintoci daidai da waɗanda ta yi a wuta. An fi son ruwan da sanyinsa bai wuce digiri 16 ba, wato mai ƙanƙara. Ƙiyasin da ake bayarwa shi ne kilo ɗaya na ƙanƙara ga kilo ɗaya na masara. Inda ƙanƙara ta yi tsada, a cika randuna tun daren jiya, a jera bahuna biyu ko uku, ana ciro masarar daga wannan zuwa wancan, ana canza ruwan da zarar ya yi ɗumi. Kada a bar ta ta jiƙa bayan ta huce, don ruwan sanyi ma yana jan sukari.

Ruwan sanyayawa ya zama wanda za ki iya sha. Zafi ya riga ya rage ƙwayoyin cuta, in aka tsoma masarar a ruwan da bai da tsabta an mayar da hannun agogo baya. Ƙanƙarar ma a san da wane ruwa aka yi ta. Bayan nan a tsane ta sosai a kwando ko gwagwa. Ruwan da ya rage a jiki shi ke zama dunƙulen ƙanƙara cikin leda, shi ke kuma jawo fumfuna a wurin shanya.

Firiza ko rana?

Firiza tana ba da kaya mafi kama da sabo. A zuba ƙwaya a ƙananan ledoji masu kauri, a matse iska, a ɗaure, a rubuta ranar. A sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri takan yi wata 8 zuwa 12 da kyanta. Sharaɗin shi ne sanyin ya ɗore. Firiza cikakkiya da ba a buɗe ba tana riƙe sanyi kamar awa 48 bayan ɗauke wuta, wadda ke rabi kuwa awa 24. A garin da wuta ke yawan tafiya lokacin zafi, narkewa da sake daskarewa suna farfasa ƙwayar, ta zama ruwa-ruwa, ga haɗarin ruɓa. Sai ku auna wutar unguwarku da idon basira tun kafin a ciri kuɗi daga akwati. Ƙwaya tsura ta fi mai totuwa riba a nan, don totuwa tana cin wurin da kuke biyan kuɗin wuta a kansa.

Ga yawancin ƙungiyoyinmu na karkara shanya ta fi dacewa, kuma Allah ya ba mu abin da wasu ƙasashe ba su da shi: busasshiyar iskar hunturu da ta bazara. Masarar noman rani da ta nuna a wannan lokaci ita ce ta shanya. Ta damina, wadda ake karya a Agusta da Satumba, tana zuwa lokacin da iska ke da laima, bushewa tana jan kwanaki, fumfuna kuma ba ta jira. Wasu nau'o'in fumfunar masara suna haifar da gubar aflatoksin mai lahanta hanta, wadda dahuwa ba ta kashe ta. Duk ƙwayar da ta yi kore-kore ko baƙi-baƙi ko warin ruma, a zubar, kada a ba yara, kada a ba kaji.

Yadda ake yi: a turara ko a sulala har nonon ya kama, a sanyaya, a yanke ƙwayar, a baza ta siriri a kan raga ko faifai da aka ɗora a bisa tebur ko rumfa, nesa da ƙasa da dabbobi. A lulluɓe da gidan sauro mai tsabta ko farin mayafi saboda ƙuda da ƙura. Wannan rufin yana kuma rage koɗewar launi da hasken rana ke jawowa. A riƙa motsawa, a shigar da ita ɗaki da yamma. Ƙungiyar da ke da akwatin shanya mai aiki da rana ta fi samun kaya mai tsabta. An gama in ƙwayar ta yi ƙarau, in aka buga ta da dutse ta tarwatse. Sai a bari ta huce, a zuba a kwalba ko bidon mai murfi, a ajiye a inuwa.

Ku san lissafin nauyi tun da wuri, don kada ranar awo a yi ta kallon juna. Ƙwaya kilo 10 ɗanya za ta dawo kamar kilo 3 in ta bushe, sauran ruwa ne ya tafi. Farashin busasshiya dole ya ɗauki wannan ragin. Mai saye za ta jiƙa ta awa biyu zuwa uku, ta kumbura, a dafa da wake, ko a zuba a dafa-duka ko miya.

Kashedi biyu da ba a wasa da su

Na farko, sulalawa ba dahuwa ba ce. A shekarar 2018 hukumomin lafiyar abinci na Turai sun gano cewa daskararriyar masara da wasu kayan lambu daga wata masana'anta a ƙasar Hangari su ne sanadin cutar listeriya da ta kama mutum 47 a ƙasashe biyar, 9 suka rasu. Ƙwayar wannan cuta ba ta mutuwa a firiza, kuma ta fi yi wa masu juna biyu da tsofaffi illa. Wasu sun riƙa zuba masarar a salati ba tare da dafawa ba. Don haka duk ledar da za ku sayar, ku gaya wa mai saye ta dafa ta sosai kafin ci, in da hali a rubuta a jiki.

Na biyu, kada wata ta ce za ta kwaikwayi ta gwangwani, ta zuba masara da ruwa a kwalba ta rufe ta tafasa a tukunya. Masara ba ta da tsami irin na tumatir ko lemo. A cikin rufaffiyar kwalba marar iska wata ƙwayar cuta na iya tsira ta saki gubar botulizim, mai shanye jiki har ta tsayar da numfashi, sau da yawa ba wari ba canjin launi. Tafasasshen ruwa digiri 100 yake tsayawa, ita kuwa sai an kai digiri 116 cikin tukunya ta musamman mai matsin tururi da ma'auni, na kusan awa ɗaya ko fiye. Wanda ba shi da wannan kayan aiki da horo, ya tsaya ga shanya ko firiza.

Ƙari a kan haka, tun da tsutsar nan mai cin masara ta shigo Afirka ta Yamma a 2016 manoma suna yawan feshi. Sulalawa ba ta isa ta cire maganin ƙwari ba. Ku tambayi mai gonar yaushe ya yi feshin ƙarshe, ku kuma yanke duk inda tsutsa ta ci kafin a sa a tukunya.

Sai an gwada akan san na ƙwarai

In aka haɗa duka, hukuncin a taƙaice shi ne: turarawa ta fi tsare zaƙi da bitamin, ta fi dacewa da shanya da kuma inda ruwa ke wuya, amma tana son haƙuri da jera layi ɗaya. Tafasawa ta fi sauri da daidaito, ta fi dacewa da manyan zangarniyoyi masu totuwa, amma tana cin ruwa da itace, tana kuma ɗebe wani abu daga zaƙin. Kowace aka zaɓa, masarar da aka karyo da sanyin safiya, aka bar ta da ɓawonta a inuwa, aka sarrafa cikin awa biyu zuwa uku, ita ce za ta yi kyau. Babu dubarar da ke mayar da zaƙin da ya riga ya tafi a buhu.

Kafin a taɓa asusu da yawa, ga gwajin da bai wuce kuɗin zubin mako ba. A sayo zangarniya 12 daga gona ɗaya, rana ɗaya. A kasa huɗu. Kashi na farko a yanke ƙwayarsa ɗanye. Na biyu a tafasa minti 4. Na uku a turara minti 6. Na huɗu a tafasa minti 15 da gangan. A sanyaya, a yanke, a shanya ko a daskarar da kowane daban, a sa lamba a jikin leda, sakatariya kaɗai ta san wace lamba ce wace. Bayan wata biyu a dafa duka huɗun iri ɗaya ranar taro, kowace mace ta ɗanɗana ta faɗi wanda za ta iya cire kuɗinta ta saya.

Ma'ajiya kuma ta rubuta abin da kowace hanya ta ci: itace ko gawayi, ruwa, ƙanƙara, leda, kuɗin wuta, da awannin da mata suka yi a kai, don lokacinku ma kuɗi ne. A kai ɗan samfuri wurin masu gidajen abinci da masu girkin biki a ji ko za su saya, da nawa, a kwatanta da farashin ta gwangwani a kanti mafi kusa. In lissafi ya fita, sai a nemi mai gonar rani a yi magana da shi tun kafin shuka, a tsayar da ranar karya da ranar aiki su zo ɗaya. In bai fita ba, zangarniya 12 kawai aka kashe, kuma wannan hannu da kuka koya zai yi muku aiki a kan zogale, da kuɓewa, da ɗanyen wake, sai dai kowanne da nasa mintocin. Allah ya sa albarka a nema.